Adokiye Amiesimaka: 'Cif Jojin' da ya ajiye ƙwallo ya rungumi shari'a

Ranar 22 ga Maris, 1980, Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 a filin wasa na Surulere da ke Legas, ta ɗaga Kofin Nahiyar Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya.

Cikin 'yan gaban tawagar akwai wani matashi ɗan asalin Jihar Ribas, Adokiye Amiesimaka, wanda ya haɗa taka leda da karatun lauya a Jami'ar Legas. Wannan ne ya sa fitaccen mai sharhin wasanni na Rediyon Najeriya, marigayi Ernest Okonkwo, ya laƙaba masa suna Cif Joji, wato alƙalin alƙalai.

Sunan raha ne, amma bakin Okonkwo bai faɗi nesa ba. Bayan ya buga wa ƙungiyoyi irin su Rangers ta Inugu da Sharks ta Fatakwal, Adokiye ya rataye takalma ya koma aikin shari'a. Ya riƙe muƙamin daraktan gurfanar da masu laifi na Jihar Ribas, ya kuma kai matsayin Antoni-Janar kuma Kwamishinan Shari'a na jihar.

Shari'ar da ba a yi a kotu ba

Hukuncin da aka fi tunawa da shi, a shafin jarida ya yanke shi. A 2009 Najeriya ta karɓi baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Ana tsaka da gasar, ƙasa na murna da Golden Eaglets, sai Adokiye ya rubuta cewa kyaftin ɗin tawagar, Fortune Chukwudi, ya wuce shekarun gasar nesa ba kusa ba. Hujjarsa ita ce ya san ɗan wasan tun shekarun baya a ƙaramar ƙungiyar Sharks, lokacin da shi Adokiye ke shugabantar kulob ɗin.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta musanta zargin, masoya ƙwallo da dama kuma suka yi masa ca, suna cewa ya tona asirin gida a gaban baƙi. Bai janye ba. Tawagar ta kai wasan ƙarshe, Siwizalan ta doke ta 1-0 a Abuja.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A wannan shekarar hukumar CAF ta kori Nijar daga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Aljeriya saboda batun shekaru, Malawi ta maye gurbinta ta tafi gasar duniya. A 2009 ɗin ne kuma FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa, domin gane wanda ƙashinsa ya riga ya gama girma.

Rage shekaru ba ƙaramar cuta ba ce. Duk ƙaton da ya saka rigar 'yan 17, yaro na gaskiya ya ture, wataƙila wanda ke buga ƙwallo ba takalmi a Tasawa, Mayahi ko Fagge.

Me ya ba shi bakin magana?

Masu iya magana sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Tsohon ɗan wasan da abincinsa ke hannun hukuma, da wuya ya ɗaga mata murya. Adokiye kuwa yana da sana'arsa, don haka ya faɗi abin da ya sani ba tare da fargabar rasa tuwo ba.

A 2015 aka buɗe katafaren filin wasa mai ɗauke da sunansa a wajen birnin Fatakwal. Ga matashin da ke shirin jefar da littafi domin mafarkin Turai, da iyayen da ke ƙona ƙwallo don a yi boko, tarihinsa ya nuna ana iya riƙe biyun.