Gidan Gado Ya Shiga Hannun Dillalai

A garuruwan da ke arewa da birnin Kano, irin su Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta da Minjibir, wata sabuwar haja ta shigo hannun dillalai: tsohon gidan gado da aka yi wa kwaskwarima. An cire azara an buga kwano, an shafe katanga da siminti, an raba cikin gida sassa uku ko huɗu, kowane da ɗaki da falo da banɗaki. Dillali zai ce, "Alhaji, ka saya yau, gobe ka zuba 'yan haya."

Tara iyalai da yawa a gida ɗaya daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki, inda gona ke manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taimakon taki. A littafinta na 1977 kan karkarar Kano, Polly Hill ta Ingila ta bayyana manyan gidajen Ɗorayi, inda magidanta da dama ke shiga ta zaure guda. Uba da 'ya'yansa suna gandu tare, kowa da sashensa, mai gida ɗaya ne.

Yanzu gandu ya yi rauni. Idan uba ya rasu, magada sukan yi yawa, gidan kuma ba zai rabu ba tare da an lalata shi ba, sai a sa masa kuɗi. Masu saye ba sa wuya, domin akwai masu neman haya: 'yan kasuwa da leburorin kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta.

Sai dai fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Maginan zamanin da sun gina waɗannan gidaje da tubali, suka rufa da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, suka yaɓe da makuba ko laso. Katanga mai kauri ce ke sa ɗaki sanyi a bazara, ɗumi a hunturu. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa sosai. Da zarar ya tsage, ruwa zai shiga ta baya ya rasa mafita, katanga ta riƙa jiƙa a ɓoye har ruwan Agusta ya kwantar da ita. Shi ya sa masu hankali ke zuwa da tsohon magini ya ƙwanƙwasa bango, ya duba gindin gini da indararo kafin a yi ciniki.

Takarda ita ce babbar magana. Shin an raba gado? Mata da marayu sun karɓi nasu? A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a: idan ɗan'uwansa ya sayar da kasonsa ga bare, zai iya biyan kuɗin ya karɓe. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a filayen karkara, gwamna kuma a na birni. Cinikin da babu sa hannun dukkan magada, babu shaidar mai unguwa da dagaci, yakan ƙare a gaban alƙali.

Ga magadan da suka yanke shawarar sayarwa, a fara kammala rabo bisa shari'a. Ga masu gyara kuwa, a bar zauren da katangar da ke da sauran ƙarfi, a kira maginan gargajiya tun suna da rai su nuna yadda ake kula da su.