Yumɓu da Bututun Ruwa a Ɗakin Ginin Tukwane

A garuruwan da suka shahara da ginin tukwane, irin su Mirya a jihar Damagaram, magina a fili suke aiki. In an gama, a wanke hannu a kwatanniya, a watsa ruwan a ƙasa. Amma tun farkon shekarun 1950, lokacin da Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, sana'ar ta fara shiga ɗaki. A yau ɗakunan koyo na makarantu suna da famfo da kwanon wanke hannu. Daga nan ne wata sabuwar matsala ta taso: toshewar bututu.

Me ya sa yumɓu yake toshe bututu? Dalili shi ne ba ya narkewa a ruwa kamar gishiri ko sukari. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai milimita 0.002 ba, shi ya sa ruwa yake ɗaukar su ya yi kauri. Amma da zarar ruwan ya tsaya, sai su kwanta. A ƙarƙashin kwanon akwai gwiwar bututu wadda take riƙe ruwa don kada warin kwata ya komo ɗaki. Nan yumɓu yake taruwa yau da gobe, ya daskare, har hanya ta rufe. Sodar da ake zubawa don buɗe bututu tana cin maiƙo da gashi, amma ba ta cin yumɓu. Filasta kuwa ta fi muni, domin ko a cikin ruwa tana sandarewa. Ƙarshenta sai an kira mai gyaran famfo, wani lokaci har a fasa daɓe.

Rigakafi ya fi magani. Da farko, a kankare yumɓun da ya manne a hannu da kayan aiki. Sannan a jera bokiti uku: a wanke a na farko, a ɗauraye a na biyu, a ƙarasa a na uku. A bar su su kwana. Da safe za a ga ruwa ya washe a sama, laka ta kwanta a ƙasa. Sai a tsiyaye ruwan a hankali, a kwashe lakar, a shanya ta, a sake cuɗawa. Ta haka yumɓun da zai ɓata bututu yake komawa tukunya.

Wasu kuma sukan ɗaura wani mazubi a ƙarƙashin kwanon. Ruwa ya zuba ciki, laka ta nutse, ruwan sama kaɗai yake wucewa. Amma dole a riƙa kwashe shi a kai a kai.

Akwai abu biyu da za a kiyaye. Ragowar ruwan ƙyallin da ake shafa wa tukwane a ajiye ta daban, domin wani yana ɗauke da dalma ko jan ƙarfe. Sannan kada a share busasshen yumɓu da tsintsiya, domin shaƙar ƙurarsa shekara da shekaru tana lalata huhu. Da jiƙaƙƙen soso ake gogewa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin narkewa da kwanciya?
2. Don me ake barin bokitai su kwana?
3. Me ya sa ba a share busasshen yumɓu?