Brothers in Arms: Kayan da ya haura shekara 40 bai yi kwantai ba

Kowane ɗan kasuwa ya san akwai kayan yayi, irin wanda idan mota ta yi maka jinkirin mako biyu a bakin iyaka sai ka iso ka tarar an daina tambayarsa. Harkar kiɗa da waƙa kuwa ta fi kowace harka yawan irin wannan kaya. Waɗanda suka taɓa kasa kaset a Birnin Konni ko Ɗan Isa ko Gaya za su ba da labari: waƙar da ta hana mutane barci bana, baɗi sai ka bayar da ita gyara. To amma akwai wani faifai na Turawan Ingila da ya fito a watan Mayun 1985, ya shiga faifan garmaho, ya shiga kaset, ya shiga CD, ga shi yau a cikin memori da wayar hannu, kuma har yanzu ana nemansa. Sunansa Brothers in Arms, na ƙungiyar Dire Straits. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30 a duniya, ban da na masu kwafa a bayan shago, waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba.

Ita dai wannan ƙungiya a birnin Landan aka kafa ta a 1977, kuma ma'anar sunanta shi ne halin ƙaƙa-nika-yi, domin a lokacin aljihunsu babu nauyi. Jagoransu Mark Knopfler (ba a furta harafin K na farkon sunan) an haife shi a 1949 a Glasgo, ya yi aikin jarida, ya yi koyarwa, kafin jita ta ɗauke shi gaba ɗaya. Brothers in Arms shi ne faifansu na biyar. Sun fara ɗaukarsa a ƙarshen 1984 a wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Montserrat a yankin Karibiyan, cikin ɗakin ɗaukar sauti da George Martin, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Beatles, ya gina.

Idan ana maganar yadda faifan ya yi kasuwa da farko, dole a ambaci sa'a. A shekarar 1982 kamfanonin Philips da Sony suka fito da CD, amma na'urar tana da tsada, mutane suna ta jan ƙafa. Sai ga faifan da aka ɗauka da sabuwar na'urar dijital tun daga tushe, babu shuu ɗin nan da muka saba ji a kaset. Waƙoƙi tara ne a ciki, kimanin minti 55, abin da ya fi ƙarfin faifan garmaho, don haka aka datse wasu waƙoƙin a cikinsa, mai son cikakke sai ya nemi kaset ko CD. Philips ya ɗauki nauyin rangadin da ƙungiyar ta yi a 1985 zuwa 1986, wasanni sama da 240. Masu shagunan kayan sauti a Turai suka mai da faifan abin gwaji, mai ciniki ya shigo a sa masa ya ji da kunnensa. Shi ne faifai na farko da ya sayar da kwafi miliyan 1 a CD. Wato a nan kaya ne ya sayar da jakin da ya ɗauko shi.

Sai dai wannan bayani ya tsaya ne a 1985. Yau yaran da ke tura waƙa a waya da yawansu ba su taɓa riƙe CD ba. Me ya riƙe faifan bayan jakin ya mutu?

A ganinmu hannun Knopfler ne. Yawancin makaɗan irin wannan kiɗa da ɗan guntun roba suke kaɗa tsirkiya, shi kuwa da yatsunsa yake tsinkarta, babban yatsa na riƙe da ƙasa, sauran na zagaya sama, kamar yadda mai gurmi ke yi. Bahago ne ma, amma da dama yake kaɗawa, don haka hannunsa mai ƙarfi shi ke danna tsirkiya yana lanƙwasa ta har ta yi kamar kuka. Muryarsa ba wata murya ba ce, kusan magana yake yi ƙasa-ƙasa. Idan ya faɗi ɗango ɗaya sai ya yi shiru, jitar ta karɓa. Duk wanda ya tashi yana jin makaɗi da 'yan amshinsa ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan tsari. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1990, a ƙasar da Faransanci ne harshen makaranta, mun sha jin wannan kiɗa a rumfunan masu gyaran rediyo ba tare da mun san abin da Baturen ke faɗi ba, kuma bai hana mu tsayawa ba.

Ga wanda yake son sanin abin da ake faɗin, waƙar Money for Nothing ta fi kusa da 'yan kasuwa. A wani shagon sayar da firiji da talabijin a birnin Niyu Yok Knopfler ya ji wani lebura yana kallon mawaƙa a jerin akwatunan da aka kunna, yana mita cewa shi yana nan yana dakon kaya, su kuwa suna kwasar kuɗi a banza. Nan take ya nemi takarda ya rubuta kalaman mutumin, ya mai da su waƙa da bakin leburan. Mawaƙi Sting, wanda ya je tsibirin a lokacin, shi ne mai siririyar muryar da ke buɗe ta. Shi kansa amon jitar da aka san waƙar da shi, mai ɗaukar sautin Neil Dorfsman ya ce dace ne aka yi: makirufo ne aka bari a karkace, da suka ji abin da ya fito sai aka hana kowa taɓawa. Wannan Dorfsman ɗin ne kuma ya so a cire Walk of Life daga faifan, 'yan ƙungiya suka rinjaye shi, ta zo ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa.

Waƙar ƙarshe, wadda faifan ya ci sunanta, ita ce mai nauyi. An rubuta ta a 1982, shekarar da Birtaniya da Ajantina suka gwabza a kan tsibiran Falkland, inda sojojin Birtaniya 255 da na Ajantina 649 suka rasa rayukansu. Soja ne ke magana da abokan fagen fama yana gab da cikawa, babu kirari, babu zuga. Kusan minti bakwai take tafiya a hankali, kuma jitar ta fi mawaƙin magana. A ranar 11 ga Yunin 1988 sun kaɗa ta a filin Wembley, wajen bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana tsare a kurkuku a lokacin.

Ba mu ce duk abin da ke ciki zinariya ba ne. Waƙa kamar One World ta tsufa, gangunanta da kayan lantarkinta suna warin shekarunsu. Amma 'yan kaɗan ne irinta.

Inda labarin ya iso ƙofar gidanmu shi ne Agadas. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas, kuma tawayen 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya. A zaman gudun hijira ya fara taɓa jita, kuma ya sha faɗi cewa shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa har su kama yadda yatsu ke tafiya. Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa daga Landan jitar Buzaye ta fito. Tana da iyayenta: kiɗan tende, da Tinariwen, da Abdallah Oumbadougou, da Ali Farka Touré na Mali. Abin da ya faru shi ne matasan sahara sun ji wani Bature yana tsinkar tsirkiya da yatsa, sauti tas, ba gaggawa, suka ga ya yi kama da nasu, suka ɗebi abin da zai yi musu amfani. Faifan Bombino mai suna Deran na 2018 ya kai shi takarar kyautar Grammy, ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi.

Ita kuwa ƙungiyar tun 1995 ta watse, kuma Knopfler ya ƙi duk tayin da aka yi masa na sake haɗa ta. Ko bikin karrama su da aka yi a Amurka a 2018 bai je ba. Ɗakin da aka ɗauki faifan guguwar Hugo ta lalata shi a 1989, daga 1995 kuma dutse mai aman wuta ya tashi kudancin tsibirin, har babban birninsa Plymouth ya koma kufai. A 2025 an sake buga faifan don cikarsa shekara 40. Kafin nan, a watan Janairun 2024, Knopfler ya kai jitoci da kayan sauti sama da 120 gidan gwanjon Christie's a Landan, aka tashi da fiye da fam miliyan 8, ya ware kashi ɗaya cikin huɗu ga ƙungiyoyin agaji. Jitar Gibson Les Paul ƙirar 1983 da ya kaɗa Money for Nothing da Brothers in Arms da ita, ita kaɗai ta tashi a kan kusan fam dubu 600, wato sama da sefa miliyan 400.