Siririyar bindiga ko mai kauri: Wace ce ta fi juriya?

A Amurka, inda dukkan jihohi 50 suka halatta ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye bisa sharuɗɗa, kasuwar sirara ta bunƙasa cikin shekarun nan. Glock 43 ta fito a 2015 da gidan harsashi mai cin 6, sai SIG P365 a 2018 mai cin 10.

Amma ga ɗan sanda ko mai tsaron kansa, tambayar ita ce: idan rana ta ɓaci, wace ce ba za ta cije ba?

Inda bambancin yake

Glock 17, wadda aka ƙera wa sojojin Austriya a farkon shekarun 1980, nauyinta kusan gram 700 ne ba tare da harsashi ba. Glock 43 kuwa kusan gram 500 ce, alhali harsashin milimita 9 iri ɗaya suke ci.

Saboda haka ƙarfin fashewa ɗaya ne ke dukan ƙarfen da bai kai wancan nauyi ba. Murfin saman siririyar, wanda ke zamewa baya ya fitar da kwanso, yana gudu da sauri, kuma sifirin ɗinta gajere ne, don haka ya fi saurin gajiya.

Mariƙinta ma ƙarami ne. Idan mai harbi bai riƙe da ƙarfi ba, murfin ba ya kaiwa ƙarshen tafiyarsa, sai kwanso ya maƙale.

Girma ba ya hana matsala

An samu rahotannin karyewar allurar da ke bugun harsashi a rukunin farko na P365, kafin kamfanin ya sauya ƙirarta. Sai dai babbar Beretta M9, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985, ita ma an samu murfinta yana tsagewa, har ya raunata masu harbi kafin a gyara.

Siririya ta zamani na iya aiki lafiya, muddin ana goge ta, ana sa mata mai, ana kuma sauya sifirin a kan lokaci. Mai kauri ta fi jure ƙura, sakaci da yawan atisaye. A 2017, da rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta tashi maye gurbin M9, ta zaɓi SIG P320 mai kauri, wadda ke cin harsashi 17.