Tawakkali da Riƙon Sababi: Halin 'Yan Nijar a Paris da Lyon

Tun daga ranar 26 ga Yuli, 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, dangantakar Nijar da Faransa ta yi tsami, har jakadan Faransa ya tattara ya tafi, sojojin Faransa suka kammala ficewa a Disamba, aka kuma rufe ofishin jakadancin a farkon Janairun 2024, 'yan Nijar mazauna Paris da Lyon suka wayi gari cikin wani hali wanda ba su suka jawo shi ba, ba su kuma da ikon gusar da shi. An dakatar da ba da biza a Yamai, jiragen Air France sun daina sauka can, ta yadda ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Lyon ya zauna a Maraɗi da takardarsa a hannu, magidancin da ke jiran isowar iyalinsa kuwa ya rasa wanda zai tambaya.

Wannan shi ne sababi na kusa da ya sa zukata suka ƙara komawa ga Allah, amma akwai wanda ya girme shi. Ƙasar da ta buɗe Babban Masallacin Paris a 1926 don tunawa da Musulmin da suka zubar da jininsu saboda ita a Yaƙin Duniya na Farko, wadda kuma ta ga buɗewar Babban Masallacin Lyon a 1994, ita ce ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a 2010, ta tsananta sa ido kan ƙungiyoyin addini a 2021, sannan ta hana abaya a makarantu a 2023. Ko da mahukunta suna kafa hujja da raba addini da mulki, wanda dokar 1905 ta shimfiɗa, uban da 'yarsa ke cikin makarantar ba nassin doka yake dubawa ba, abin da gobe za ta haifar yake tunani.

Fa'idar wannan komawa ga Allah a bayyane take, kuma ban yarda da masu kiran ta gudun gaskiya ba. Mutumin da takardar izinin zamansa ke hannun ofishin perefe watanni, alhali aikinsa da hayar ɗakinsa duk a kanta suka rataya, in ba don yaƙinin cewa arzikinsa ba a hannun ma'aikacin ofis yake ba, da fargaba ta kwantar da shi kafin amsa ta zo. Haka nan, haɗuwar Juma'a ita ke haifar da karo-karo, a sauke sabon zuwa, a tallafi mara lafiya, a mayar da gawa gida.

Sai dai akwai illa, kuma a kanta ya wajaba a tsaya. Wasu sun ɗauki tawakkali a matsayin izinin barin sababi, har wa'adin takarda ya wuce ba a nemi sabuntawa ba, ko wasiƙar hukuma ta zo da ƙayyadaddun kwanakin ɗaukaka ƙara a ajiye ta ba a kai wa lauya ba, ana cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Magana ce ta gaskiya da aka aza a inda ba muhallinta ba. Mafi muni kuma, fargabar nan ita ce kasuwar masu raba 'yan katunan duba a bakin tashoshin Barbès da Château-Rouge a Paris, waɗanda ke alkawarin buɗe sa'a da warware kowace matsala cikin kwanaki; wanda ya miƙa musu kuɗin guminsa, ko da bakinsa bai daina ambaton Allah ba, dogaronsa ya riga ya koma ga wanin Allah.

Magabatanmu ba haka suka fahimci al'amarin ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara, Imam Gazali kuma ya yi bayani a Ihya'u cewa tawakkali aikin zuciya ne wanda ba ya hana gaɓoɓi nema. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya bar Ɗagel zuwa Gudu a 1804 bai san abin da ke gabansa ba, amma da shiri da shawarar jama'a ya fita.

Saboda haka muna kira ga malaman da ke wa'azi ga jama'armu a Goutte d'Or ta Paris da Guillotière ta Lyon da Villeurbanne da ke kusa da Lyon, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan ƙasa, su haɗa karantar da tawakkali da karantar da dokar zama, su sanya waɗanda suka iya Faransanci su riƙa karanta wa 'yan'uwa wasiƙun hukuma kafin wa'adinsu ya cika.