Hutun iyali a hamadar Amurka: Ruwa ne guzurin farko

Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin hutun makarantu, iyalai da dama a Amurka kan ɗebi yara a mota su nufi wuraren shaƙatawa na ƙasa da ke hamada, irin su Joshua Tree da Death Valley a jihar Kalifoniya. Sai dai lokacin ne rana ta fi ƙwallewa: a Death Valley zafi ya kai digiri 56.7 ranar 10 ga Yulin 1913.

Shi ya sa hukumar kula da wurin ke shawartar kowa ya sha aƙalla lita 4 na ruwa kullum, a kuma daina yawon ƙafa bayan ƙarfe 10 na safe. Idan mota ta lalace, a zauna kusa da ita har taimako ya iso, domin sabis ɗin waya bai kai ko'ina ba.