Kuɗin Unguwa a Amurka: Gari Biyu, Doka Biyu

A ƙasar Amurka akwai unguwanni da yawa waɗanda masu gidajensu ke da ƙungiya. Wanda duk ya sayi gida a irin wannan unguwa ya zama ɗan ƙungiya, ko ya so ko ya ƙi, tilas ne kuwa ya biya kuɗin da aka yanka wa gidansa. Wannan ba harajin Gwamnati ba ne. Da shi ake gyaran hanyoyi da fitilu da sauran abubuwan da jama'ar unguwa suka yi tarayya a kai.

Abin da ake so Hakimai da malamansu su lura da shi shi ne, bashin nan a kan gida yake hawa, har ana iya sayar da gidan wanda ya ƙi biya. Amma ƙa'idar karɓa ta Jiha ce. Ga misalin gari biyu a bakin tafkin Tahoe, suna manne da juna, iyakar Jiha ce kaɗai ta raba su.

South Lake Tahoe yana cikin Jihar Kalifoniya, inda ake bin dokar Davis-Stirling ta 1985 da gyare-gyarenta. Kwamitin ƙungiya ba shi da iko ya ƙara fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara sai da ƙuri'ar masu gidaje. Lalle a aika wa mai gida takardar gargaɗi kwana 30 kafin a rubuta bashin a kan gidansa. Ba a sayar da gida sai bashin ya kai dala 1,800, ko kuwa ya haura wata 12.

Stateline kuwa yana cikin Jihar Nebada. Can kuɗin wata 9 na ƙungiya yana gaban bashin bankin da aka jinginar wa gidan. Cikin 2014 Kotun Ƙoli ta Jihar ta yanke cewa, in ƙungiya ta sayar da gida bisa ƙa'ida saboda wannan bashi, jinginar banki ta faɗi. Cikin 2015 aka gyara dokar, aka ba mai gida da banki kwana 60 su fanshe shi.

Saboda haka, mai sayen gida a can wajibi ne ya san Jihar da gidan yake, ya karanta sharuɗɗan ƙungiya tun bai sa hannu ba, gama rigakafi ya fi magani.